Guɗa a Badi'a

Ƙawata nas ce, gida ɗaya muke haya a unguwar Badi'a. Kafin ta zo Riyadh, wani babba a asibitin da take aiki a Najeriya ya yi mata fyaɗe. Ta kai ƙara, kotu kuma ta hana kowa magana a kan shari'ar, har da ita kanta. Ni ma a lokacin abin da na sani kawai shi ne tana da shari'a a gida.

Muna tuƙa tuwo da la'asar lauyarta ta kira ta ce an ɗage umarnin. Ta jefar da muciya, ta rangaɗa guɗa. Na taya ta, muka yi ta zagaya kicin muna dariya, tuwo yana ƙauri.

Sai ga maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Sudan, da farantin dabino.

"Mabruk! Wane ne angon?"

"Babu ango, Hajiya," in ji ƙawata tana haki. "Shigo ki zauna. Yau aka bar ni in faɗi abin da aka yi mini, ku biyu za ku fara ji."

Dattijuwar ta cire takalmi ta zauna. Ƙawata ta fara da sunan mutumin.