Labule Tsakanin Inna da Ɗan Farinta

Yayana, ɗan farin mahaifiyarmu, ya fara hawa jirgin sama ne a shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin man fetur ke zuba kamar mamakon damina. Sana'arsa fata da kirgi. Yakan bi kasuwannin Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan kewaye ya sayi fatun jajayen awaki, a shanya, a ɗaure, a kai Kano, sannan shi da kansa ya bi su ƙasashen waje ya daidaita da masu jima. Kamfanin jirgi ɗaya yake bi, wanda ke yada zango a Alƙahira, kuma bai taɓa sauya shi ba.

Daga baya, da naira ta fara sanyi, kamfanin ya fito da tsarin karrama fasinjojin da suka fi yawan tafiya. Aka ba Yaya wani kati mai ruwan zinariya. Babban amfaninsa shi ne, idan kujerun ajin farko ba su cika ba, sai a ɗauko mai katin daga baya a kai shi gaba ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Ba alkawari ba ne. Wata rana a samu, wata rana a rasa, kuma ba a sani sai dab da tashi.

Yaya yana da tsarinsa a kan wannan. Yakan isa filin jirgi da wuri, cikin babbar riga mai guga, da kaya kaɗan. Yakan gaisa da ma'aikatan kantar tikiti gaisuwa ta sosai, ya tambayi iyali, ya tuna wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka yi wa rasuwa. Sai ya ajiye katin a kan fasfo ya yi shiru. Bai taɓa tambayar kujerar ba. Yakan ce, “Abin da ka roƙa ya tashi daga kyauta ya koma sadaka.”

A majalisarsu ta ƙofar gida a Tambuwal, wani taubashinsa ba ya gajiya da tsokanarsa.

“To Alhaji mai zinariya, ku na gaba kuna riga na baya isa?”

“Awo,” in ji Yaya. “Da taki ukku.”

“Taki ukku kaɗai? Ai ni da jakina na fi ka riba.”

Sai a yi dariya, shi ma ya yi. Ban taɓa jin ya ba da labarin abin da ake ci a gaban ba sai an matsa masa.

Dole in bayyana yadda suke da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Jinin Fulani ce, a Kebbe take, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta same ta wurin iyayenta. Ana yaye Yaya kakanninmu suka ɗauke shi zuwa Tambuwal, can ya girma. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Mutumin Tambuwal” take ce masa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta zama ɗaki ɗaya da shi, ba ta ɗaga ido ta dube shi. In ya zo gaishe ta, sai ya tsuguna a waje, bakin labulen ɗakinta, ya yi gaisuwar ga duk wanda ke kusa, ita kuma ta amsa wa wannan mutumin, alhali kowa na jin kowa. Baƙo zai ɗauka gaba ce. Mu da muka tashi a ciki mun san cewa ranar da aka ce yana hanya, tun safe take sa a dama fura da nonon da ta ware.

Ni ina cikin na baya-baya, don haka babu wannan shamaki tsakanina da ita. A lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo a Sakkwato, kuma duk zuwana gida sai ta gyara mini wani abu da ta ji na faɗa.

Idonta na hagu ya riga ya tafi tun da daɗewa. Da na dama ya fara dushewa, muka kai ta Kano. Likita ya ce ba yanar ido ce kaɗai ba, ciwon ya kai can bayan ido, kuma ba su da na'urar aikin. Ya ce in aka jinkirta, shi ma zai bi ɗan'uwansa. Yaya ya san wani asibiti a Alƙahira, yana kuma jin Larabci. Ya shirya komai, aka tsayar da rana. Ni aka bar wa aikin gaya mata.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Shi jirgin, ɗaki nawa garai?”

“Inna, ba ɗakuna ba ne. Kujeru ne a jere kamar na bas.”

“Shi ma mutumin Tambuwal ciki za shi zamna?”

“Ciki mana.”

“A kawo abinci in ci shina kallo? In yi gyangyaɗi shina kallo? In tashi kewayawa in ratsa ta gabanai?” Ta gyara zama. “A bar ni da makantata. Na ga duniya, ta ishe ni.”

Na ce za a nisanta kujerunsu. Ta ce ai ɗaki guda ne. Na ce to sai ta haƙura da cin abincin, kafin in tuna tana da ciwon sukari, ba ta iya yini da yunwa. Raba tafiyar ma ba ta yiwuwa, domin jirgin sau ɗaya yake tashi a mako, ranar likita kuma ta matso. Daga ƙarshe na yi kuskuren gaya mata cewa akwai wani sashe a gaba, mai tsada, kuma Yaya zai iya saya mata.

“A sai min kujerar sarauta ina da tabarma? Ga marayu cike da gari?” Ta nuna ni da yatsa, ko da yake ta ɗan kauce inda nake. “In anka ƙara ko anini saboda ni, ban yafe ba.”

Duk wanda ya san abin da “ban yafe ba” ke nufi a bakin uwa ya san wannan ƙofa ta rufu.

Na koma Tambuwal na gaya wa Yaya. Washegari muka ɗauki hanyar Kebbe, motar na ta faɗawa ramuka, shi kuwa yana ta juya hularsa a kan gwiwa. Da muka isa ya tsuguna inda ya saba, ya dube ni.

“Gaya wa tsohuwa jirgin yana da labule. Tana gabansa, ina bayansa. Kujerar kuma kyauta ake ba ni ita, in Allah Ya sa ta samu.”

Na juya na maimaita wa labulen ɗakin, kalma da kalma, kamar ina karanta sanarwa.

“Labule na gaske?” in ji Inna.

Na tambayi Yaya. Ya ce na gaske.

“To, in dai da labule.”

Da muka fito na ce, “Yaya, in ba ta samu ba fa?”

“Sai ka faɗa a labaran duniya,” in ji shi, “an ga wata tsohuwa ta baro Kano a ƙasa.” Amma bai yi murmushi ba.

Ya riga mu tafiya Kano a motarsa, ni da Inna muka biyo a wata. A zauren filin jirgin ba ta damu da zamansu wuri ɗaya ba, ta ce wannan kasuwa ce. Ta zauna ta ba kantar tikiti baya, ta ja mayafi, tana jan carbi. Ni kuwa da na ga cunkoson sai na fara shakkar samun kujerar. Wata tawagar manyan ma'aikata za ta wani taro, kuma irin waɗannan ba baya suke zama ba.

Ma'aikacin kantar wani Bakano ne da ya daɗe da sanin Yaya. Suka gaisa kamar kullum. Yaya ya ajiye katin a kan fasfo. Mutumin ya duba takardunsa ya girgiza kai.

“Alhaji, yau kam sai haƙuri. Gaba ta cika. Saura guda, ita ma an riƙe wa wani da bai iso ba.”

Da wata rana ce da Yaya ya ce ba komai, ya ɗauki katinsa. Ya tsaya. Na ga ya ɗora tafin hannunsa a kan kantar, ya ɗauke, ya sake ɗorawa.

“Malam, duk shekarun nan da nake wucewa ta gabanka, ka taɓa jin na tambayi kujera?”

“Ban taɓa ba, Alhaji.”

“To yau na tambaya. Ba ni zan zauna ba. Ga tsohuwa can, za a yi mata aikin ido.” Ya rage murya. “Ni ne ɗan fari.”

Bakanon ya ajiye biro. “Af! Ai da ka faɗa tun farko.” Bai nemi ƙarin bayani ba. Ya tashi ya kirawo manajansu, wani Bamisre mai fara'a, wanda shi kam bayanin bai shige shi ba. Da Larabci suka yi, daga baya Yaya ya fassara mini.

“Mahaifiyarka ba ta son zama kusa da kai? Me ka yi mata?”

“Ban yi mata komai ba. Na dai riga sauran zuwa duniya.”

Manajan ya yi dariya har da dafa ƙirji. Ya ce tasa uwar in ya zauna nesa da ita kuka take, in ya matso kuma ta hau shi da faɗa. Sannan ya ce karramawar ta mai kati ce, da sunansa ake rubuta ta, amma in mai kati ya ga dama ya ba mahaifiyarsa, shi ba zai shiga tsakanin ɗa da uwa ba, ko da kuwa su suna son a shiga. Sharaɗi ɗaya ne: sai in mai kujerar bai zo ba har aka rufe kanta.

Muka jira. Yaya ya tsaya can nesa kusa da wani ginshiƙi, hannuwa a baya, bai dubi ƙofa ba ko sau ɗaya. Ni ne nake ta dubawa. Duk mai kwat da jaka da ya shigo sai in ce shi ne. Inna ta taɓa ni da carbi.

“An ɗaura labulen?”

“Ana kan ɗaurawa, Inna.”

An fara kiran fasinjoji, layi ya miƙe, sai na hango Bakanon ya zagayo daga bayan kanta da katin shiga jirgi a hannu. Bai nufi Yaya ba. Ya zo gaban Inna ya tsuguna, ya miƙa da hannu biyu.

“Inna, bismilla. Allah Ya sa a yi a sa'a.”

A cikin jirgi, kafin ta zauna, sai da ta sa na kai hannunta ga labulen. Ta murza shi tsakanin yatsu kamar mai sayen atamfa. “Mai kauri na,” in ji ta. Ta tuɓe takalmi, ta hau kujerar ta tanƙwashe ƙafafu kamar a kan gadonta. Ma'aikatan suka yarda in riƙa leƙo ta. Yaya kuwa ya nemi a ba shi layin ƙarshe, can kusa da bayi. Dogo ne, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gabansa, ga wani ɗan kasuwa mai jiki ya danne masa rabin riga. Haka ya zauna, carbi a hannu, kamar nan ya saba.

Da aka kawo abinci na je na gaya mata abin da ke cikin kowane kwano. Ta ci sosai. Da ta kusa gamawa sai ta lalubo farin ƙyallen da aka shimfiɗa mata, ta sa tsokar kaza mafi girma da wani abin zaƙi a ciki, ta ƙulle.

“Kai ma mutumin Tambuwal. Kada ka ce ni ta.”

“To wa zan ce?”

“Ce kamfani.”

Na ratsa labule, na bi tsawon jirgin, na miƙa masa. Na ce saƙo ne daga kamfani. Ya juya ƙunshin a hannu, ya dubi ƙullin, irin wanda take yi wa goro a gefen zane.

“Kamfanin nan,” in ji shi, “a Kebbe ya koyi ƙulli.”

Ya riga ya ci nasa abincin, amma ya cinye wannan tas, ya ninke ƙyallen, ya ce in mayar musu da kayansu.

An yi aikin. Ranar da za a kwance bandejin da hantsi, ni kaɗai ne a ɗakin tare da likita. Yaya yana baranda, ya ba ƙofa baya, yana kallon titi. Inna ta ƙifta ido, hawaye na zuba saboda haske. Ta dubi hannunta, ta dubi taga, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Kai, haka ka aje tumbi? Muryarka ta fi ka kyau.”

Likitan bai ji Hausa ba, amma da ya ga ina dariya ya san aiki ya yi. Bayan ya fita, Inna ta shiga gyara bakin mayafi. Can ta ce a hankali, “Buɗe ƙofar ga kaɗan. Kaɗan na ce.”

Na buɗe kamar faɗin tafin hannu. Daga inda take ana hango bayansa, da kafaɗunsa, da ƙeyarsa a ƙasan hula. Ta daɗe tana kallo. Shi kuwa bai motsa ba, ko da yake na tabbata ya ji ƙarar ƙofar.

“Yaushe yay yi furfura haka?” in ji ta.

Ta share idon da gefen mayafi, a hankali, yadda likita ya ce.

“Rufe,” in ji ta.