Kin Zo Mana Kwana Ɗaya Kafin Ranar Dubawa

Ranar Talata, tara ga watan nan, ina tsugune ina waldar ƙafar wani gado, babbar 'yata ta kira ni ta ce, "Baba, Anti Walwala ta rasu." Na kashe inji, na zauna a ƙasa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Anti, shekara talatin kina ofishin walwalar jama'a na garinmu, har sunan aikin ya cinye naki na yanka. Ranar hutu ma kina layin asibiti kina cika wa tsofaffi takardu, kina yi musu faɗa a kan shan magani. Faɗa kam kin iya shi.

Na san ki ne a shekarar da matata ta rasu ta bar mini yara mata biyu. Wani ya kai ƙara ofishinku cewa ba na kula da su, kuma gaskiya ya faɗa. Takarda ta zo: ranar Alhamis za a duba gida, in bai yi ba a kai yaran gidan marayu.

Laraba da hantsi sai ga ki, ba fayil, ba katin aiki, sai bokiti da tsintsiya da mataji.

"Yau ƙanwarka ce ta zo, ba ma'aikaciya ba," kika ce. "Haba Yaya, wannan ɗaki ne ko gareji? Fitar da ƙarafan nan daga ƙarƙashin gado!"

Muka yini muna wanki da shara. Da yamma kika zaunar da ni kika miƙo mini kan ƙaramar. "Hannun da ke lanƙwasa ƙarfe ne zai kasa kitso biyu?" Yarinya na kuka, ni ina gumi, ke kina dariya.

Washegari kika zo da fayil da abokin aikinki, kika gaishe ni kamar ba ki taɓa ganina ba. Kika buɗe tukwanen da ke kika wanke su, kika dubi karkataccen kitson nan, kika tambayi wanda ya yi. Na ce ni ne. Kika rubuta. Daga nan wata shida kina zuwa duk mako, sai da abin da kika rubuta ya zama gaskiya. 'Ya'yana a gabana suka girma.

Shekara goma sha shida na yi shiru da maganar, ina tsoron kada ta taɓa aikinki. A wurin zaman makoki na kasa riƙewa, na faɗa ina kuka. Sai wani direba ya sunkuyar da kai ya ce shi ma haka kika yi masa, wata mai wankau ta ce ita ma. Mijinki ya zuba mana ido, ashe ko shi ba ki taɓa gaya wa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata gare shi da 'ya'yanku da abokan aikinki, Allah Ya ba mu haƙuri. Ke kuma Anti, Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki. Yadda kika rufa mana asiri, Allah Ya rufa miki naki ranar da za a buɗe littafin kowa.