Sun ce an ɗaure mani murya

Jama'ar Gazawa, Cadawa da Gangara, mai girma ɗan takararku na depite, wato ɗan majalisa, ke gaishe ku. Wata biyar kun ji ni shiru, maƙiya har sun fara rabon kujerata. To, ku aje ta.

Abin ya faro da dishewar murya, daidai lokacin da soja suka ce a fito a yi zaɓe. Na sha zuma, na tauna citta, a banza. Sati shida, magana ta koma raɗa, numfashi na fita kamar tayar da ƙusa ta huda.

Gari ya ɗauka wai ɗaure ni aka yi, don ina kwaikwayon muryar manya. Kawu Idi, yayan Inna, ya ce, "Ɗan nan, bi gida-gida ka roƙi gafara. Muryarka na hannun wani."

Na rubuta mashi a ƙasa da ajami: ban zuwa.

Aka kira wanzami ya cire mani beli. Kwana biyu ina tofar da jini, murya ko alama.

Inna ce ta sai da awakinta biyu, ta sa ni mota sai asibitin Maradi. Lokotoro ya zura ɗan madubi a maƙogwarona, ya ce tsiro ne. Ya taɓa zakaran wuyana. "Ka san abin da ya sa aka ce mashi zakara? Nan cara ke fitowa. Naka an danne shi."

Na tambaya da hannu ko zai ƙara yin cara.

"Sai mun cire mun auna."

Nan na ji tsoro, ban ɓoye maku.

Aka yi aiki. Sati biyu ba magana, ko tari sai da dabara. Awo ya fito, tsiron ba mugun ba ne.

Ranar da aka ce in gwada, Kawu na bakin gado. Na ja hanci irin nashi, na ce, "Ɗan nan, roƙi gafara." Inna ta yi dariya har da hawaye. Kawu ya ɗau hularshi. "Ja'iri. Ya warke."

Alhamdu lillahi. Inna, Allah shi biya ki. Lokotoro da masu jinya, na gode.

In muryarka ta dishe sati uku, tafi asibiti. Kar a fara da aska.

Batun depite kuwa, wasa ne, ko keke ban da shi. Ni Sallau ne, mai facin taya na tashar Gangara. Da tun farko na ce ni ne, wa zai karanta har nan? Ranar kasuwa ina wurina. Wanda bai so a kwaikwaye shi, ya wuce ni bakinshi rufe.