Hannun da Suka Nuna

Ɗakin girkin makarantar kwanan da yayata ta yi wa aiki yana da wata 'yar taga a bango, ƙasa-ƙasa, daidai cibiyar babba. Ta nan ake miƙa kwano, ta nan ake karɓarsa. Wanda ya gina wurin bai kawo a ransa mai zuba abinci tana da fuska ba. Yara su jeru a waje, ita tana tsaye a ciki, bango ya rufe ta daga ƙirji zuwa sama. Shekara ashirin da 'yan kai, abin da ɗaliban suka sani nata shi ne hannu da ludayi. Mai Ludayi suke ce mata. Da yawansu sun gama makarantar, sun yi aure, sun haihu, ko a hanya suka yi kiciɓis da ita ba za su gaishe ta ba, don ba su san ita ce ba.

Amma hannun, ko makaho ya shafa zai gane shi. Lokacin da mahaifiyarmu ta rasu Yaya ba ta kai tsayin murhu sosai ba, ita ta ɗauki girkin gida. Wata rana kaskon mai ya kife mata a hannun dama. Ya warke ya bar farin tabo tun daga wuyan hannu har gindin babban yatsa, ƙaramin yatsa kuma ya lanƙwashe, bai sake miƙewa ba. Yaran makaranta suna cewa tabon kamar taswira yake. Tagogin rabo uku ne, amma sai ka ga layi ɗaya ya yi tsawo har bakin famfo, sauran biyun ba kowa. Leƙawa suke yi, in suka hango taswira sai su bi can, don ita ce mai ƙara rabin ludayi in ta ga hannun da ya miƙo kwano ya cika siranta.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye. Abin da ta mallaka a duniya shi ne wannan tagar, da ɗaki ɗaya a bayan ɗakin girki, da fanshon da ya rage mata shekara biyu ta fara karɓa. Kullum cewa take, «Ƙanwata, in na ajiye ludayin nan da mutunci, ai na gama.»

Sai aka sauya mai kawo kayan abinci. Shinkafa ta fara zuwa tana warin ruma, man girki a jarkokin da aka kankare musu kwanan wata. Yara suka fara gudawa, ɗakin shan magani ya cika har ana shimfiɗa katifa a baranda. Yaya ta gaya wa shugaban masu girki. Ya ce mata, «Baba, zubawa aka ɗauke ki yi ko shinshina?» Ta koma tana zuba wa 'ya'yan mutane abin da ta san ita ba za ta iya sawa a bakinta ba, tana ramewa a tsaye.

Wani uban ɗaliba ne ya haɗa ta da 'yar jaridar wani gidan talabijin. Yarinya mai zaƙin baki, Mama kaza, Mama kaza. Yaya ta ce za ta yi magana, sharaɗinta ɗaya: kada a gane ta. Yarinyar ta dafa ƙirji ta ce wannan ai shi ne abu na farko da ake koya musu, ɗan jarida gara ya shiga kurkuku da ya tona wanda ya ba shi labari. A ɗakina suka yi hirar, ina shago wajen aiki. Abin da ya faru a ciki daga bakin Yaya na ji shi, kuma Yaya ba ta iya ƙari ba sai a kwano.

Suka zaunar da ita ta ba fitila baya. Ta tura hannayenta cikin mayafi. Mai kyamara ya leƙa na'urarsa ya yi tsaki.

«Mama, fito da hannun ki ɗora a cinya.»

«Ɗana, bar shi a ciki. An san hannun nan.»

Ya yi dariya. «Haba Mama, wa ke gane mutum da hannu? Sai ka ce 'yan sanda masu duba zanen yatsa. In mun ɓoye fuska dole mu ba masu kallo wani abu su kalla, ba za mu nuna musu bango ba. Haka ake yi ko'ina a duniya.»

'Yar jaridar ta ce, «Ai na gan shi ɗazu, yana da labari a jikinsa. Fito da shi, Mama.»

Yaya mace ce da in mai takarda ya ce mata haka ake yi, sai ta ɗauka ita ce ba ta gane ba. Ta fito da hannun.

Ranar da aka sa shirin muna zaune ni da ita da maigidana. An rubuta a ƙasan hoton, wata ma'aikaciya da ta nemi a sakaya sunanta. Fuska baƙi ƙirin. Murya kuwa sun mayar da ita ta wani ƙato mai mura. Yaya ta tuntsire da dariya har da hawaye.

«Ku ji ni! Wallahi kamar direban tirela.»

Maigidana ya ce, «Yaya, da wannan muryar ai ko ni kika kira a waya sai in ce ranka ya daɗe.»

Muna cikin dariyar hoton ya sauya. Hannu ya cika akwatin talabijin, farin tabo, lanƙwasasshen yatsa, yana murza bakin mayafi. Ba su nuna shi sau ɗaya sun wuce ba. Duk inda ta yi magana, a kansa suke tsayawa. Dariya ta ɗauke a ɗakin kamar an kashe fanka. Kafin shirin ya ƙare wayata ta yi ƙara, wata maƙwabciya da ta yi makarantar tana ihu don murna: «Anti, Mai Ludayi ce a talabijin! Ashe tana nan da rai?» Daga baya muka ji a zauren ɗalibai ma haka aka yi, yara ɗari da wani abu suka tashi tsaye suna tafi suna kiran Mai Ludayi, malamin da ke kula da su yana bakin ƙofa yana ji.

Shugabar makaranta ba ta ambaci talabijin ba ko sau ɗaya. Ta kira Yaya ofis, ta ce an sake duba ƙa'idojin tsafta, mai tabo ko nakasa a hannu bai kamata ya riƙa taɓa abincin yara ba. Hannun da ya ciyar da su shekara ashirin! Aka ce ta kwashe kayanta kafin ƙarshen mako. Maganar fansho kuwa, wanda aka sallama kan tsafta ba ya cikin lissafi. A bayan motar maƙwabcinmu muka kwaso katifarta da tukwane biyu.

Na je gidan talabijin ɗin da kaina. Suka shanya ni a benci har azahar, sannan aka kai ni wurin babban edita, ofis mai sanyi kamar firij. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya jawo wani ɗan littafi ya buɗe.

«Hajiya, mun faɗi sunanta?»

«A'a.»

«Mun nuna fuskarta? Mun bar muryarta yadda take?»

Na ce, «Malam, fuskarta ba wanda ya sani. Kun ɓoye abin da yake a ɓoye, kun fallasa abin da duk makarantar ta haddace. Kuma ta gaya muku.»

Ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, amma a ƙa'idar aiki sun cika alkawari: suna, fuska, murya. Ba inda aka rubuta hannu. Na tambaye shi ko ƙa'idar tasu don a kare mutum aka yi ta ko don a kare gidan talabijin. Ya ce in sha ruwa. 'Yar jaridar ta wuce ni a baranda, Mama kaza ɗin duk ya ƙare, ta manna waya a kunne kamar ana kiranta.

Na biya wurin wani lauya a layinmu. Ya ce in dai ita ta fito da hannun da kanta, kyamara tana ɗauka, to ta yarda ke nan a idon shari'a. Ya ce in ina so zai rubuta musu takarda, amma gaskiya zai gaya mini, asarar tawada ce.

Yaya ta nemi aiki a gidajen abinci biyu da wani asibiti. Ba wanda ya kalli fuskarta. Tana miƙa takardunta sai idonsu ya sauka a kan tabon. Wata mai gidan abinci ta ce mata kai tsaye, «Ke ce ta talabijin? Baba, yi haƙuri. Kowane ɗakin girki yana da abin da ba a faɗa.»

An ce an sauya shinkafar makarantar. Na gaya wa Yaya, ta ce madalla, ta tambaya ko yarinyar nan mai siririn hannu da zoben roba ta warke. Ban san ta ba. Ita ma da hannu ta san yaran.

Shirin ya ci lambar yabo. Na ga hotonsu sun yi kwalliya suna riƙe da kofi, editan yana cewa aikinsu shi ne tsaya wa marasa galihu. Tun daga nan suka yanko hannun Yaya suka sa a tallar tashar, wadda ake sakawa kafin kowane labarai, da kiɗa mai ratsa jiki. Na koma na ce musu ba na nema mata aiki, ba na neman diyya, su cire hannun yayata daga tallarsu kawai. Aka ce za a duba.

Yanzu a gidana take, a ɗakin da muke ajiye kaya a da. Ita ke mana girki, ta hana ni shiga ɗakin girkin. Ko zafi ake kamar a gasa mutum, in za ta fita sai ta sa safar hannu. Da yamma in maigidana ya kunna labarai, kiɗan nan yana farawa sai ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya, ko da ba komai a kan wuta. Ni kuwa ina zama in kalla, don in tabbatar ko sun duba ɗin. Jiya ma na ga hannun.