Igiyar Gugan da Na Auna da Tsakuwa

Ina aji biyar na sakandare igiyar gugan gidanmu a Rafin Guza ta tsinke, ta bi gugan can ƙasa. A makon ne kuma na kawo wa Baba sakamakon fiziks wanda ko ni ban so kallonsa ba. Baba kafinta ne, abin da bai aunu da tef ba bai yarda da shi ba. Ya ce zango mai zuwa in koma ajin adabi, in huta. Ni ko raina na kan kimiyya.

Da ya ɗauko tef zai nufi rijiya ya auna zurfinta don sayo sabuwar igiya, na yi caraf na ce, "Baba, bar shi, da tsakuwa zan auna."

Na bayyana masa yadda malaminmu ya koya mana: abin da aka saki daga sama, gudunsa na ƙaruwa da kusan mita goma cikin kowane sakan. A ninka sakan da kansa, a ninka da goma, a raba biyu, zurfi ya fito. Inna tana ta faɗan za a ƙazantar mata da ruwan sha, sai da na wanke tsakuwar da sabulu.

Na saki, na danna agogon waya. Tsulum! Sakan ɗaya da rabi. Sau uku ina yi. Mita sha ɗaya da kwata.

"Kin tabbata?"

"Ko taƙi ba za a ƙara ba, Baba."

Haka ya yanko igiyar a kasuwa, ko taƙi bai ƙara ba. Aka ɗaure sabon guga, na zura ina ta ƙafafa. Igiya ta ƙare a yatsuna, guga na lilo, gindinsa na shafar ruwa, ya ƙi nutsewa. Ban lissafa ƙulli ba, ban lissafa abin riƙewa ba. Inna ta yi dariya har da zama a kan turmi. Na ji kamar in bi gugan.

Baba bai yi dariya ba. Ya leƙa rijiyar ya daɗe, sannan ya kwance igiyar shanya ya ƙulla a kan tawa.

"Da tsakuwa kika gano inda ruwa yake," ya ce. "Sauran aikin kafinta ne, kullum a bar rara. Ki zauna a ajinki."