Maimaita Mini

Jiya ina kasuwar Lolo wani jirgi ya ratsa sama ya nufi Benin, sai ciniki ya fita raina. Tun lokacin zama ya gagare ni.

Kawuna ya yi aikin ba jiragen sama umarni daga hasumiya, har ya yi ritaya ya dawo Bagudo. Ko sayen goro ya aike ka, sai ya ce, "Maimaita mini." Haka matuƙa suke yi masa, don ya tabbata sun ji daidai.

Wata shekara, tun kafin ya yi ritaya, ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki. Jirgin da zai kai ni Legas ganawar neman aiki bai tashi ba, aikin ya wuce ni. Na iske Kawu a gindin mangwaro yana fere rake, ruwansa na bin yatsunsa. A gaban baƙinsa na ce, "Ragwaye ne ku, kun toshe mini hanyar abinci!"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, rediyon hasumiyar ne ke yankewa, shi ya sa muka shiga yaji. Na taɓa kiran matuƙi, jirgi cike da mutane, na ji shiru. Gara ka zage mu kana da rai. Maimaita mini."

Na kaɗe rigata na yi tafiyata. Girman kai ya hana ni komawa, har aka kira ni jana'izarsa.

Kawu, ga shi na maimaita: gara in zage ku ina da rai. Na ji daidai, sai dai na makara. Allah ya yafe mini, ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka.