Aljihun da na ɗinka wa ɗana

Shekarun da aka fara zaɓe, kowa a unguwarmu ta Zango na zancen demokaraɗiyya, ɗana na fari yana ɗaukar tsofaffin motoci daga tashar jirgin ruwa ya kai su Nijar. A wata tafiya 'yan fashi suka tare su a daji, suka harbe abokin tuƙinsa a gabansa. Ya dawo gida, mako guda tuwo bai wuce masa ba.

Wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki ya shigo, ya ajiye mini guntun sabulu da ya sassaƙe da wuƙa.

"Inna, ki yi mini aljihu a cikin kaftani, daidai wannan."

Na juya sabulun, na gane siffarsa.

"Bindiga za ka saya?"

"Ƙarama ce, Inna. Babbar tana da nauyi, tana turo riga, jandarma zai hango ta. Wannan ko tafin hannuna ba ta cika ba."

"Allura ma ƙarama ce, ai tana fidda jini."

"To ki ɗinka mini likkafani, ya fi sauƙi."

Na ɗauko kaftaninsa. Na ɗinka aljihun a gefen dama, na ninka yadin biyu don kada ya yage.

Yana da 'ya, lokacin ba ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Al'adarta ce in ya dawo daga tafiya ta sheƙo da gudu ta cusa hannu a aljihunsa, ta ciro dabino ko alewa. Dawowarsa ta farko da abin nan a jikinsa, ta sheƙo kamar kullum. Ya cafke hannunta, ya daka mata tsawar da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ta tsaya tana kallonsa, ko kuka ba ta yi ba. Ya zuba dabinon a faranti ya miƙa mata, ta ƙi karɓa.

Na ce ya riƙa cire kaftanin a zaure. Ya cire, amma yarinya ba ta ƙara gudu wurinsa ba.

Bai taɓa harba bindigar ba har ya bar tuƙi, Allah ya tsare mini shi. 'Yar tana aure a unguwar Zogbo yanzu. In ta zo gaishe mu, daga bakin ƙofa take durƙusawa ta ce, "Baba, ina wuni." Shi kuwa har yau da dabino a aljihunsa.